Daga Kuzar Riruwai Zuwa Ƙirƙirarriyar Basira: Ramin Na Wane Ne?

Jama'a masu bibiyarmu, yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, a yi mini haƙuri. Wani abu ne ya same ni, ya sa na koma tonon tarihin yankinmu na kudancin Kano, na ga kuma bai kamata in bar shi a cikina ni kaɗai ba.

A bara wata ƙungiya da na shekara da shekaru ina yi wa fassarar takardu daga Turanci zuwa Hausa ta aiko mini da saƙo, cikin ladabi da girmamawa, cewa tsarin aiki ya canja. Daga yanzu na'ura ce za ta yi fassarar, ni kuma a turo mini in duba in gyara. Kuɗin gyaran bai kai rabin na da ba. Na karɓa, domin mai iyali ba ya fushi da kasuwa. To amma ba ragin kuɗin ne ya fi tsaya mini a rai ba. Da na buɗe aikin farko ina jiran in ga shirme in yi dariya, sai na tarar Hausar ba ta yi munin da nake fata ba. Akwai kwamacala, ba a rasa ba, amma wasu jimlolin wallahi kamar daga bakina suka fito. Na zauna ina tambayar kaina, a ina wannan abu ya koyi Hausa? Amsar kuwa ba ɓoyayya ba ce. Waɗannan na'urori na ƙirƙirarriyar basira rubutun mutane ake tara musu, tuli guda, su yi ta bi suna lura da wace kalma ke bin wace, har su iya jera tasu. Hausar da ke bakinsu ta 'yan jarida ce da masu fassara da marubuta, wato tamu.

Ana cikin haka rasuwa ta kai ni Riruwai yin ta'aziyya. Ni mutumin ƙasar Tudun Wada ne, hanyar ba baƙuwata ba ce: ka baro Kano ta titin Zariya, ka karya a Kwanar Ɗangora, ka wuce Tudun Wada, ka ratsa dajin Falgore kana addu'a, sannan duwatsun ƙasar Doguwa su fara bayyana. Bayan an yi addu'a an shafa, wani ɗan'uwana ya zaga da ni bayan gari, inda tsofaffin gine-ginen kamfanin haƙar ma'adinai suke tsaye, ƙarafa sun yi tsatsa, ciyawa ta cinye harabar. A nan ne abin da ke damuna ya haɗu da abin da na taɓa karantawa game da garin.

Da yawa daga cikin yaranmu sun ɗauka Turawa ne suka gano kuza a ƙasar nan. Ba haka ba ne. Tun kafin Bature ya san hanyar Jos, mutanen Riruwai suna wanke kuza a rafuka, su narka ta a tanderun ƙasa da gawayi da zugazugi, su fitar da farar dalma. Suna zuba ta siri-siri kamar tsinke, a ɗaure dami-dami, fatake su ɗauka zuwa Kano da ƙasar Nufe da sauran kasuwanni, inda maƙeran farfaru ke yin kayan ado da ita, suna kuma shafe kwanonin tagulla. Sana'a ce ta gado, mai sirri, mai shugabanni. A ƙarni na 19, zamanin hare-haren Ningawa, wasu daga cikin masu wannan sana'a suka yi ƙaura zuwa ƙasar Bauchi suka kafa wani garin, shi ne Riruwain Dalma, aka bar na asalin ana ce masa Riruwain Kano. Ka ji gari da sunan hajarsa.

Waɗannan siraran sandunan dalma su ne suka tona asirin. Ma'aikatan Kamfanin Neja sun gan su a kasuwannin bakin kogin Binuwai a ƙarshen ƙarni na 19, suka yi ta cigiyar inda suke fitowa. A 1902 kamfanin ya turo wani injiniya mai suna George Nicolaus ya bi sawu, a 1903 kuma Kanar Laws ya biyo baya da sojoji ya hau tsaunukan Jos. Su wa suka san rafin da ke da kuza da wanda babu? Mutanen ƙasa. Da iliminsu aka fara, da ƙoƙunansu aka wanke buhunan farko.

Abin da ya biyo baya shi ne nake so mai karatu ya tsaya ya duba da kyau. Ba wata na'ura ce ta zo ta fi tanderun Riruwai iya narka dalma a nan ƙasar ba. A shekarun farko ma kamfanonin ba su da wasu injina na a-zo-a-gani, diga ce da shebur da kwanon sarki a kan lebura. Takarda ce ta kashe sana'ar. Gwamnatin mulkin mallaka ta yi doka cewa duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa nata ne, ita ke ba da lasisin haƙa, ta kuma yanka filayen kuza ta ba kamfanonin Turawa. Kamfanin Neja kuwa tun a yarjejeniyar 1900, lokacin da ya miƙa wa gwamnatin Ingila mulki, aka yi masa alƙawarin rabin harajin ma'adinan wani babban yanki na Arewa har shekara 99. Mai tanderu ya wayi gari rafin da kakansa ya wanke kuza a ciki ya zama na wani kamfani mai ofis a Landan, in ya ɗiba ya zama ɓarawo. Kafin a fita shekarun 1920 wutar tanderun ta mutu. Kuza ta koma tafiya ɗanya, a buhu, ta jirgin ƙasa zuwa teku, a narka ta a Ingila. Ba a sake narka ta da yawa a ƙasar nan ba sai farkon shekarun 1960, da aka gina masana'antar Makeri a Jos.

To ina masu sana'ar suka shiga? Aiki bai ƙare ba, wannan shi ne abin mamakin. Aikin kuza ma ƙaruwa ya yi ninkin-ba-ninkin, dubban mutane suka samu abin yi, garuruwan bariki suka tsiro, kuɗi suka zaga. In da akwai mai ƙididdiga a lokacin, da ya ce ai an samar da ayyuka fiye da waɗanda aka rasa, kuma ba ƙarya ya yi ba. Sai dai wanda jiya yake da tanderu da yara da suna a kasuwa, yau ya zama mai wanke kuza yana kai wa akawun kamfani a auna a biya shi yadda aka ga dama. Da yaƙin duniya na biyu ya zo, Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun dalma, sai aka koma kama mutane ƙarfi da yaji daga lardunan Arewa ana tura su ramukan Jos. Shi ne abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna, daga 1942 zuwa 1944. Mutane da yawa sanyi da yunwa da cuta suka kashe su a can. Wanda ke son cikakken bayani ya nemi littafin Bill Freund na 1981 a kan jari da ƙwadago a ma'adinan kuzar Nijeriya.

Gine-ginen da na gani a bayan gari kuwa na wani zagayen ne na baya, lokacin da aka haƙa rami mai zurfi a ƙarƙashin dutse a shekarun 1970, aka kawo injina da ma'aikata, garin ya yi haske. Shi ma bai daɗe ba. A shekarun 1980 aikin ya tsaya, a watan Oktoban 1985 kuma kasuwar dalma ta duniya ta rushe gaba ɗaya a Landan. Ba a tambayi kowa a Riruwai ba da za a buɗe, ba a tambayi kowa ba da za a rufe.

Kada a ce na cika baƙin labari, bari in juya ga Bebeji, domin can akwai wanda sabon zamani bai ci shi ba, shi ya ci zamanin. Bebeji tsohon zango ne a kan hanyar Kano zuwa Zariya. Bature Clapperton ya bi ta nan a 1826 ya ga kasuwarta, kuma a nan ne sojojin Kanar Morland suka fasa ƙofa da igwa a farkon 1903 a kan hanyarsu ta cin Kano. Arzikin garin fatauci ne, musamman na goro daga Gwanja. Ayari guda yana ɗauke da madugu da jagaba da masu jakuna da 'yan alaro, a kowane zango kuma akwai fatoma da masu tuwo da masu sayar da harawa da ke jiran saukarsa. Tafiya ce ta watanni, zuwa da dawowa.

A wannan gari aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin zuriyar Agalawa, gidan fatake. Shi ma ya taka hanyar Gwanja da ƙafarsa. Amma da ya isa bakin teku ya ga jirgin ruwa na tafiya tsakanin Ankara da Ikko, sai ya gane cewa goron da jaki ke kai wa wata da watanni yana iya bin ruwa. Yana cikin na farko-farkon da suka mayar da cinikin goro ta wannan hanya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, ya dawo gida ya shiga, a 1918 ya zama mai saya wa Kamfanin Neja. Da ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma, kuma kowa ya san inda zuriyarsa ta kai a yau.

Masu wa'azin zamani suna son irin wannan labari. Za su ce maka, ka gani, wanda ya rungumi canji shi ke tsira, kai ma je ka koyi sarrafa na'ura. Akwai gaskiya a ciki, ban musa ba. Amma a lura da abin da Ɗantata yake da shi a hannu lokacin da jirgin ya zo: jari, da amanar 'yan'uwansa Agalawa da ke warwatse a kasuwanni, da sanin manoma da dillalai wanda Bature ba shi da shi kuma dole ya saya a wurinsa. Ya shiga ciniki da kamfani yana da abin da zai ce a'a da shi. Ɗan alaro fa, da me zai rungumi jirgin ƙasa? Layin dogon ma bai bi ta cikin Bebeji ba, ta ƙasar Ƙiru ya ratsa, ta Yako da Ɗangora. Masu tuwon zango ba su yi laifin komai ba, hanya ce kawai ta kauce musu. Ɗantata ɗaya ake ba da labari, sauran ayarin babu wanda ya rubuta sunayensu.

Na ukun ban karanta shi a littafi ba, a gidanmu na gan shi. Kakata, Allah Ya jiƙanta, da dakau ta riƙe 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta. Gidajen masu hali su aiko da dawa ko gero, ta surfa, ta daka, ta niƙa a dutse, a biya ta, ta kuma tsira da dusa da ɗan tsaki. Haka zawarawa da tsofaffi da yawa suka rayu a ƙauyukanmu. Da injin niƙa ya shigo, babu macen da ta yi kukan rabuwa da dutsen niƙa, don wahala ce mai cin ƙirji da kafaɗa, kuma duk wanda ya ce a koma can bai taɓa riƙe taɓarya ba. Amma kuɗin da ke shiga hannun irin su kakata sai ya koma aljihun mai inji, shi kuwa kusan kullum namiji ne mai jarin sayen injin. Lugude da waƙoƙin niƙa suka bi dakau suka tafi, yanzu sai a littattafan jami'a. Bayan an gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani ya bunƙasa a ƙasa da ita, shinkafa ta yawaita, Tudun Wada ta zama babbar kasuwar shinkafa mai cike da injinan casa. Mata suka samu wata ƙofar, wato turara shinkafa kafin a kai inji, da yawa sun yi arziki da ita daidai gwargwado. Amma ba waɗanda suka rasa dakau ne suka samu turara ba, tsakaninsu akwai shekaru, kakata ba ta kai ba. Haka su ma dubban mutanen da ruwan Tiga ya tasa daga gonakinsu, ba su ne suka fi cin moriyar noman ranin ba.

To mu dawo kan na'urar da ta rage mini kuɗi. Google ya sa Hausa cikin harsunan da yake fassarawa tun ƙarshen 2013, muka yi ta yi masa dariya, kuma ya cancanci dariyar a lokacin. A ƙarshen Nuwamban 2022 aka saki ChatGPT, dariya ta fara raguwa. A Janairun 2024 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya yi hasashen cewa kusan kashi 40 cikin 100 na ayyukan duniya wannan fasaha za ta taɓa su, kashi 60 a ƙasashe masu arziki, kashi 26 a matalauta. Wani zai ga 26 ya ce ashe mu da sauƙi. Ni ban ga sauƙin ba. Adadin ya yi ƙasa ne saboda yawancinmu fartanya muke riƙe da ita, ko kabu-kabu, ko tireda, na'ura kuwa ba ta yin noma a Doguwa. Ɗan abin da za ta taɓa shi ne aikin tebur: akawu, mai buga takardu, mai fassara, mai zanen bangon littafi, mai karanta sanarwa. Wato daidai ayyukan da manomi ya sayar da buhunan masararsa ya kai ɗansa makaranta dominsu.

Ana ce mana za a samu sababbin ayyuka, kuma na yarda za a samu, kamar yadda aka samu a ramukan kuza. Tambayar ita ce wane iri. A Janairun 2023 mujallar Time ta ba da rahoton wasu ma'aikata a Nairobi da aka ɗauka suna tantance munanan rubuce-rubuce don a tsabtace ChatGPT, ana biyansu ƙasa da dala 2 a awa. Da na karanta, kwanon sarki ne ya faɗo mini a rai. Ni ma da nake gyara fassarar na'ura a rabin kuɗi, in an bi ta barauniyar hanya, wankin kuza nake ina kai wa akawu.

A nan ne abin ya shafe ku, marubuta da makaranta. Babu wani rafin Hausa a intanet da ya kai littattafanmu yawa. Shekara da shekaru marubuta, akasarinsu mata, suna buga dubban shafuka da babban yatsa a waya, suna sakawa a Facebook da Wattpad da zaurukan WhatsApp, wasu kyauta, wasu a ɗari biyu ko ɗari uku. Hausar gida ce, ta kishiya da uwar miji da zance a zaure, irin wadda ba a samu a labaran rediyo. Duk mai son na'urarsa ta yi magana kamar Bahaushe, irin wannan yake nema. An daɗe ana kwashe littattafan nan ana karantawa a YouTube ba da izinin masu su ba, yanzu kuma ga muryar na'ura ta fara karɓe aikin mai karantawar ma. Kuzarmu ke nan, tana kwance a fili, babu shinge.

Ba na cikin masu cewa a fasa inji. Masaƙan Ingila sun gwada haka daga 1811, aka rataye wasunsu, injin kuma ya zauna. Kuma ni kaina ina amfani da na'urar, ta taimake ni a wurare da dama, na ga kuma ɗalibin ƙauye da ba shi da laburare yana tambayarta abin da malaminsa bai samu lokacin bayyana masa ba. Amfanin na gaske ne, kamar yadda hutun da injin niƙa ya ba mata na gaske ne. Abin da tarihin Riruwai ya nuna mini shi ne ba a wurin tanderu aka yi asarar ba, a wurin rubuta doka aka yi ta, ranar da babu mai tanderu ko ɗaya a ɗakin. Marubutan finafinan Amurka sun gane wannan. A 2023 sun yi yajin aiki na kusan wata biyar, cikin abin da suka samu har da sharuɗɗa a rubuce kan yadda kamfanoni za su yi amfani da wannan fasaha a aikinsu. Ba su hana na'ura zuwa ba, sun dai zauna a ɗakin.

Mu ma an fara motsi. A Satumban 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da N-ATLAS, na'urar harshe ta gida da aka gina tare da kamfanin Awarri, mai jin Hausa da Yarbanci da Ibo. Wannan ya yi kama da gina Makeri, kuma wannan karon ba a jira shekara 60 ba, a yaba. Sai dai narka kuza a Jos bai mayar wa mutanen Riruwai rafinsu ba. Muna da dokar haƙƙin mallaka ta 2022, muna da ƙungiyoyin marubuta a Kano da Katsina da Kaduna da sauran garuruwa, kuma ina ganin lokaci ya yi da taronsu zai wuce karatun gajeren labari da rabon kambu, a zauna a yi magana da murya ɗaya kan wanda zai ɗebi rubutunmu, da izinin wa, a kan nawa. Marubuciya ɗaya a ɗakinta ba ta da abin cewa a'a da shi. Dubu biyu suna da shi.

Da za mu baro Riruwai na ga samari a gefen dutse da shebur da buhuna, suna tonon abin da kamfani ya bari, masu saye na jiransu da sikeli a inuwa. Ɗaya daga cikinsu ya ciro waya yana duba farashi, ya nuna wa mai sayen, suka yi ta ja-in-ja, har aka ƙara masa wani abu.

Da na dawo Kano na rubuta wa ƙungiyar nan wasiƙa. Ban nemi a mayar mini da tsohon farashi ba, na san ba za a yi ba. Na ce ina so a rubuta a yarjejeniyarmu ko gyare-gyaren da nake yi ana mayar wa na'urar ne ta ƙara koyo da su, in kuwa haka ne, to wannan ciniki ne daban, da kuɗinsa daban. Na kuma tura kwafin wasiƙar ga wasu abokan sana'a huɗu da na san su ma irin aikin suke karɓa. Biyu sun ce za su aika da tasu. Ɗaya ya ce in rufa masa asiri, yana da 'ya'ya a makaranta.